Amanar Mai Yankan Faifai

 Akwai wata sana'a da ta yaɗu a kasuwanni, watau ciro tafsiri da wa'azi daga cikin faifai a zuba a kwamfuta, a yanka, a haɗa, sa'an nan a sake bugawa a sabon faifai ko a tura a katin waya. Sana'a ce mai amfani, domin faifai ba ya dawwama. Faifan CD ya fito a 1982, na DVD a 1996, kuma zafi da ƙarzuwa suna cin su duka biyu. Wanda ya ceto muryar malamin da ya rasu kafin faifansa ya lalace, lalle ya yi wa ilmi hidima.

Amma fa mai wannan aiki magajin marubutan dā ne, amanarsu tana wuyansa. Almajirai sun san littafin hannu warƙa-warƙa yake zaune cikin gafaka, ba a ɗinke ba. Saboda haka marubuci yakan sa kalmar farkon warƙa ta gaba a gindin wadda ya gama, don kada takardu su rikice. In ya kai ƙarshe, sau da yawa yakan rubuta sunansa da ranar da ya kammala.

To, faifai ma haka yake. CD yana ɗaukar kamar minti 80 ne, karatun da ya fi haka tilas a raba shi. DVD kuwa a gutsure yake ajiye hoto, kowane gutsure bai wuce gigabayit 1 ba, na'ura tana tsinkewa inda mudu ya cika, ko da tsakiyar jumla ne. Malami yakan kawo maganar waɗansu domin ya rushe ta. In almakashi ya faɗa tsakanin maganar da raddinta, sai a ji shi da muryarsa yana halatta abin da ya haramta. Shi kuwa yana kabari, ba shi da bakin kare kansa. Fitina nawa ta tashi tsakanin almajirai a kan rabin magana!

Saboda haka abu uku ya wajaba. Na fari, a ajiye asali cikakke yadda ya fito, domin duk sa'ad da aka sake matse murya don ta yi ƙanƙanta, wani abu yana zubewa wanda ba ya komowa. Na biyu, kada a yanka sai inda malami ya rufe mas'ala. Na uku, a rubuta sunan malami da wurin karatu da shekara, a kuma bayyana cewa yanki ne.

Ɗan kasuwa ya san hukuncin mai tauye mudu. Tauye magana ya fi muni, domin hatsi ana iya cikawa, maganar da ta bazu cikin wayoyi kuwa ba mai tattaro ta. Mai saye shi ma ya tambayi asalin abin da aka tura masa kafin ya kafa hujja da shi.

Allah ya ba da ikon riƙon amana, amin.