"Ya Yi Kyau" Ba Gyara Ba Ne

Yau da ɓacin rai na zo, kuma da mu matasa masu ɗan taɓa rubutu nake, har da ni kaina.

Ina taya mahaifina tsaron rumfar albasa a kasuwar Mile 12 a nan Legas. In ciniki ya lafa bayan la'asar sai in jawo littafina in yi rubutu. Wata huɗu ina fama da labarin wani yaro ɗan Aliero da ya biyo motar albasa zuwa kudu. Da na gama na bai wa mutum biyar su duba min. Huɗu suka dawo da shi da baki ɗaya: "Masha Allah, ya yi kyau, Allah ya ƙara basira." Na tambayi ɗayansu sunan yaron, sai ya kama sosa ƙeya.

Na biyar wani tela ne da ya girme ni. Ya ce, "Ƙanena, a babi na 2 ka binne uwar yaron, a babi na 7 ga ta tana dama fura. Motarka ta wuce Ilorin sannan ta haye gadar Jebba, da baya take tafiya? Kuma yaron da bai taɓa barin ƙauye ba, ina ya koyo 'oga' da 'abi'?" Wannan ta ƙarshe ta fi yi min zafi, don mu da muka tashi a kudu Hausarmu ta sha Yarbanci da buroka, kunnenmu ya daina ji. Kwana uku ban gaishe shi ba.

To amma wa ya cuce ni, shi ko su huɗun? Muna kiran abin kara. Ni ha'inci nake kiran sa. Mai sarin albasa ba ya tsayawa a ta bakin buhu, sai ya cusa hannu har ƙasa ya laluba ruɓaɓɓiya. Don me rubutu kaɗai za a yaba ba a buɗe ba?

Su kuma masu cewa duk mai gyara ɗan hassada ne, su tuna da Abubakar Imam. Ruwan Bagaja daga gasar 1933 ya fito, kuma sai da ya bi ta hannun Rupert East a Zariya kafin a buga shi. Magana Jari Ce ma a Zariya ya zauna ya rubuta, East yana dubawa. Imam ke nan fa! Mu kuwa mutum ya rubuta babi da daddare, da safe ya watsa shi ta waya, wanda ya nuna masa kuskure ya zama abokin gaba. Na san akwai masu gyara da cin mutunci, waɗannan ba na kare su. Telan nan shafi da layi ya nuna min.

Na yage shafi 23 na sake rubutawa, uwar yaron ta zauna a kabarinta. Ranar Juma'a bayan masallaci zan mayar masa da shi, da goro a hannu. Su huɗun har yau ba wanda ya tambaye ni ina labarin ya kwana.