Tarin fuka: Me ya sa gane ainihin ƙwayar cutar ke da muhimmanci?

Tun bayan da Bajamushe Robert Koch ya gano ƙwayar cutar tarin fuka a 1882, hanyar da aka fi dogaro da ita a ƙasashe matalauta ita ce duba kakin majinyaci ta madubin likita.

Sai dai wannan ƙwaya tana da dangi sama da 150, waɗanda ake kira maikobakteriya, kuma kusan kamanninsu ɗaya ne a madubi. Daga cikinsu akwai mai haddasa kuturta, akwai kuma waɗanda ke zaune a ruwa da ƙasa, waɗanda kan kama huhu amma galibi ba sa jin maganin tarin fuka.

Ke nan mutum na iya shafe watanni shida yana shan maganin cutar da ba ita ke damunsa ba. Rainon ƙwayar a ɗakin gwaji domin tantancewa kuwa yakan ɗauki makonni shida zuwa takwas.

Wannan ne ya sa masana suka koma ga binciken ƙwayoyin gadon cutar, inda kowane nau'i ke da tasa alamar.

A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar GeneXpert, wadda cikin kimanin sa'o'i biyu take nuna ko akwai tarin fuka, da kuma ko ya bijire wa maganin rifamfisin. Nijeriya ta fara amfani da ita a 2011.

To amma na'urar ba ta bambanta tarin fukan mutane da na shanu, wanda ake ɗauka ta shan madarar da ba a tafasa ba, kuma ba ya jin firazinamid, ɗaya daga cikin magunguna huɗu da ake fara bai wa majinyaci. Irin wannan tantancewa sai a manyan ɗakunan gwaji.

A 2017 Ingila ta fara karanta ɗaukacin ƙwayoyin gadon cutar daga samfurin majinyata, abin da ke nuna nau'inta da magungunan da ta bijire wa.

Ga ƙasashe irin su Nijeriya da Nijar, ƙalubalen shi ne tsadar kayan gwaji da rashin tsayayyar wutar lantarki. Muddin ba a shawo kansu ba, asibitocin karkara da dama za su ci gaba da dogaro da madubin likita.