Filin Makiyaya: Cutar Da Ke Ɓuya Cikin Hantsa

Makiyaya da yawa sukan yi mamakin yadda ciwon hantsa ke komowa bayan an yi wa saniya allura, kumburi ya sauka. Ba a jima ba sai gudaji ya sake bayyana a ƙwaryar tatsa. Dalili kuwa shi ne, cutar ba tafiya ta yi ba, laɓewa ta yi.

Daga cikin ƙwayoyin da ke haddasa wannan ciwo akwai wadda masana ke kira Staphylococcus aureus. Takan shiga ta kafar kan nono, ta manne wa bangon hantsa, sa'an nan ta kutsa cikin ƙananan ƙwayoyin halitta masu yin madara. A can ciki penisilin ba ya isa gare ta sosai, dakarun jini ma ba su ganinta. A kwana a tashi sashen ya taurare, nono ya ragu, maraƙi ya rame.

Tun a shekarun 1960 masu bincike a Ingila suka nuna cewa riga-kafi ne mafita: a tsoma kan nono cikin magani bayan kowace tatsa, a yi wa saniya magani sa'ad da aka daina tatsarta, wadda ciwonta ya ƙi warkewa kuma a fitar da ita daga garke.

Hannun mai tatsa shi ne babbar hanyar cutar daga wannan saniya zuwa waccan. Saboda haka a wanke shi da sabulu, mai ciwo kuwa a bar ta sai ƙarshe.