Filashin Ceton da Ba a Taɓa Gwadawa Ba

Mutum zai kwafe duk abin da ke cikin kwamfutarsa, Windows da manhajoji da takardu, ya adana a faifan waje, hankalinsa ya kwanta. Ran da na'urar ta ƙi tashi, ya soka filashin ceto da zai dawo masa da kwafin, ya danna F12, ko F9 in HP ce, sai ya ga filashin bai ma fito a jerin abubuwan da za a tayar da kwamfutar daga gare su ba. Galibi kwafin lafiyarsa ƙalau, hanyar isa gare shi ce ta toshe. Kwamfutocin yanzu da UEFI suke tashi, kuma FAT32 suka fi ganewa. Filashin da aka haɗa wa tsohon tsarin BIOS kaɗai ko kallo bai ishe su ba. Wani sa'in Secure Boot ne ya tare ƙofa. Wanda ya fi ban haushi shi ne filashi ya tashi sarai, amma ya ce babu faifai a na'urar, alhali ga shi nan a ciki. Wannan ya yawaita a laftof masu Intel zubi na 11 zuwa sama, domin fasahar VMD na ɓoye faifan har sai an ɗora direban Intel RST. In kuma BitLocker ya kulle faifan, sai ka kawo mabuɗinsa mai lambobi 48. A ganina, mai gyaran da ya karɓi kuɗin adana kwafi bai tayar da kwamfutar daga filashin a gabanka ba, rabin aiki ya yi. Ka sa shi ya gwada kafin ka biya.