Bayan Tiyatar Sankarar Nono, Aikin Ya Dawo Kanmu

'Yan uwa na Kafanchan da kewaye, idan aka yi wa mace tiyatar sankarar nono ta dawo gida, mukan je gaisuwa mu ce an gode Allah, sai kowa ya kama gabansa. A ganinmu, a nan ne wahalar take farawa.

Tiyatar iri biyu ce. Akwai wadda ake cire ƙullutun kaɗai a bar nonon, akwai wadda ake cire shi gaba ɗaya. Binciken shekara 20 da aka yi a Amurka da Italiya, aka wallafa a 2002, ya nuna cewa idan an gano cutar da wuri, cire ƙullutu tare da gashin na'ura yana ba mace tsawon rai daidai da cire nonon duka. Bambancin yana ga yadda take ji a jikinta da ranta.

To me ya sa yawancin matanmu ake cire musu duka? Na farko, jinkiri. Ana ɓata watanni ana shafe-shafen magani har ƙullutun ya girma. Na biyu, nisa. Wadda aka bar wa nono dole ta yi gashi na makonni, kuma sai ta tafi wuri kamar asibitin koyarwa na Shika a Zariya ko Asibitin Ƙasa na Abuja. Matar da ke noman citta a Kwoi ko Kachia, ina za ta samu kuɗin mota da masauki? Don haka kada mu ɗauki cire nono a matsayin rashin sa'a. Sau da yawa shi ne abin da ya ceci rai.

Bayan tiyata, hannu yakan kumbura idan an cire kaluluwar hammata, kafaɗa ta ƙage, tallar kaya da surfe su gagara. Wasu kuma sai sun sha ƙwayar Tamoxifen shekara 5. Amma mafi ciwo shi ne halin mutane. Binciken da likitocin Zariya suka wallafa a 2010 ya gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan auren da aka cire wa nono sun rabu da mazajensu cikin shekara 3. Wannan abin kunya ne gare mu.

Ga abin da muke roƙo. Maza su raka matansu asibiti, su ji bayani daga bakin likita. Ƙungiyoyinmu su ware wani abu daga kuɗin wata domin motar zuwa gashi, su kuma taya iyalai neman Asusun Tallafin Masu Sankara da gwamnatin tarayya ta fara a 2021, wanda Shika da Abuja suke cikinsa. Telolinmu su koyi ɗinka rigar mama mai aljihu da ake sa wa cika. Limamai da fastoci su faɗa wa jama'a cewa cutar ba ta yaɗuwa ta cin abinci tare, kuma ba jifa ba ce.

Ku kuma iyayenmu mata da 'yan uwa, duk wadda ta ji ƙullutu, ko da ba ya ciwo, ta je asibiti a makon nan. Zuwa da wuri ne ke ba mace damar zaɓi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.