Martani: Malam, Ƙashi Ma Yana Ba da Shaida

Malam, na karanta sharhinka inda ka ce littattafan da ke haɗa masu tonon kayan tarihi da binciken kisan kai shaci-faɗi ne, wai me ya haɗa mai tonon kufai da ɗan sanda. Da alama bangon littafin kawai ka leƙa.

Ɗauki The Crossing Places na Elly Griffiths, wanda ya fito a 2009. An tsinci ƙasusuwan yarinya a fadamar Norfolk, sufeto Harry Nelson na zaton na wata yarinya ne da ta ɓace shekara goma da suka wuce. Mai tonon kayan tarihi Ruth Galloway ta duba, ta ce sun kai shekara dubu biyu. Wannan ne ka kira zuƙi ta malle?

To, a 1983 masu haƙar ƙasa a fadamar Lindow, a Ingila, suka tono ƙoƙon kai. 'Yan sanda suka tunkari wani mutum da matarsa ta ɓace tun wajen 1960, nan take ya amsa cewa shi ya kashe ta. Da aka auna ƙoƙon a Oxford, sai ga shi na zamanin Rumawa ne. Duk da haka kotu ta kama shi da laifin kisa. Da marubuci ne ya ƙago wannan, ai da ka ce ya cika ƙari.

Inda zan yarda da kai ɗaya ne: a littafi sakamakon awo kan fito da wuri, a zahiri kuwa sai an yi makonni ana jiran ɗakin gwaji.