Idon da kara ya soka ba ya jiran ƙarshen kaka

Ƴan'uwa manoma, kaka ta zo. Daga Mirriya har Magarya da Matamai ana girbi, ana sussuka, ana shiƙa. Lokacin ne kara, ko ganyen dawa, ko ƙaiƙayi yake karce baƙin ido. Mutum ya murza ido, ya koma aiki. Bayan ƴan kwanaki ido ya yi ja, hawaye na zuba, ɗigon fari ya fito.

Ƙwayoyin cutar da ke shiga wannan rauni ba iri ɗaya ba ne. Akwai waɗanda man ido na gidan likita yake kashewa. Akwai kuma funfuna, dangin wadda ke kama hatsi a rumbu mai laima. Tana zaune jikin tsiro da cikin ƙasa, kuma man ido na kullum ba ya yi mata kome. Shi ya sa wani yake shafa magani sati guda, gyambo na ƙara faɗi.

A nan ne ake asarar ido. Sai a je wurin mai tallar magani a kasuwa, ya ba da na ɗigawa mai kortizon. Jan ya ragu kwana biyu, funfuna kuwa ta sami taki. Wani a ɗiga masa ruwan ganye, ko a sa masa kwalli, a ƙara dauɗa kan rauni. Ƙarshenta hakiya, ko ido ya fashe.

Ga ra'ayina. In kara ya soki ido, a wanke da ruwa mai tsabta, a je gidan likita ran nan. In an yi kwana 3 ana magani ba sauƙi, a nufi Babban Asibitin Damagaram. Likitan ido ne ke iya kankaro ɗan abu daga gyambon, a duba shi da madubin likita, a gane ko funfuna ce. Maganinta dabam ne, kamar natamisin, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna a 2017. Da farko ana ɗiga shi kowace awa, kuma jinyar tana ɗaukar makonni.

Wani zai ce ina kuɗin mota, wa zai tattara gero? Gaskiya ne. To, kowace ƙungiyar manoma ta tanadi ƴan tiyoyin gero don kuɗin mota, a kuma yi wa maras lafiya gayya. Gero na komowa baɗi, ido kuwa in ya tafi ya tafi.

Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, ku karanta wa maƙwabta wannan kafin a gama shiƙa.